Zafin fitsari bayan kwanciyar aure: daga ina yake, yaya za ki tare shi?

 Wannan shi ne taƙaitaccen bayanin hirar da muka yi a filin lafiya. Mun sa shi a takarda saboda wanda rediyonsa ba ta kama ba ranar, da wadda hayaniyar kasuwa ta hana ta ji. Maganar ta manya ce, ta ma'aurata. Ƴar'uwa, in ke ce ke karantawa, to da ke muke. In kuwa kai ne maigida, kada ka naɗe takardar ka ce zancen mata ne. Akwai rabonka a ciki, kuma in iyalinka ba ta karatun boko, kai ne za ka karanta mata.

Ga matsalar. Kin kwana da mijinki lafiya lau. Kashegari, ko bayan kwana biyu, sai ki ji fitsari na matsa miki a kai a kai. Ki je ki tsuguna, ɗan kaɗan ne zai fito, da zafi kamar an zuba barkono. Ki tashi, kafin ki kai bakin ƙofa ya sake matsa miki. Mara ta yi nauyi. Fitsarin ya yi duhu ko ya yi wari, wani lokaci har da ɗan jini. Mata da yawa sun san wannan, sai dai kunya da fulako sun hana a faɗa. Likitoci sun ƙiyasta cewa kusan rabin matan duniya za su gamu da ciwon hanyar fitsari aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu. Kin ga ke nan ba ke kaɗai ba ce.

Daga ina ciwon yake?

A wajenmu duk abin da ya shafi gaba sai a ce ciwon sanyi. Wannan suna guda da aka laƙaba wa cututtuka da yawa ya haddasa rigima a gidaje ba kaɗan ba. Mace ta ce miji ne ya kwaso mata a yawonsa, miji ya ce ita ce ba ta kama kanta ba da ya yi tafiya. Alhali irin wanda muke magana a kai, mafi yawan lokaci, ba wanda ya kawo shi daga waje.

Bari mu yi bayani dalla-dalla. Fitsari na taruwa ne a mafitsara, wata ƴar jaka da ke cikin mara. Daga mafitsara akwai siririyar hanya da ke fito da shi waje. A jikin mace tsawon hanyar nan bai wuce santimita 4 ba, wato kamar gaɓa biyu ta yatsa. A jikin namiji ya kai wajen santimita 20. Ga shi kuma a jikin mace bakin hanyar fitsari, da gaba, da dubura duk maƙwabtan juna ne.

A cikin hanjin kowane ɗan Adam, mai lafiya da marar lafiya, akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Ɗaya daga cikinsu likitoci na kiranta ikolai. Muddin tana cikin hanji ba ruwanta da kowa. Tana fitowa tare da bahaya, kaɗan daga ciki su maƙale a fatar wajen. Lokacin saduwa, gugar jiki da jiki na tura su zuwa bakin hanyar fitsari, daga nan kuwa tafiyar ba nisa. In suka shiga mafitsara suka tarar da fitsari kwance, sai su yi ta hayayyafa, bangon mafitsara ya kumbura, zafi ya tashi. A cikin mata 10 masu irin wannan ciwo, kusan 8 ikolai ce sanadi.

To kin ji. Ƙwayar daga jikinki take, saduwa ce kawai ta ba ta hanya. Ba alamar cin amana ba ce, ba alamar ƙazanta ba ce, kuma ba a ɗaukar ta don an tsuguna a masai na tasha ko na kasuwa kamar yadda ake ta yaɗawa.

Me ya sa ya fi zuwa in maigida ya dawo?

Ku lura da kyau, wannan ciwo ya fi kama mace a lokacin da saduwa ta yawaita bayan an daɗe ba a yi ba. Shi ya sa yake damun amare a makonnin farko. Shi ya sa kuma yake damun matan makiyaya da na fatake. Maigida ya bi shanu kudu tun farkon rani, sai da damina ta sauka ya dawo. Ko ya yi wata biyu yana kai-da-komo da kaya tsakanin Maraɗi da Kano, ko Ƙonni da Sakkwato. Ya dawo gida, kwana biyu uwargida ta fara kukan fitsari. Dole zuciya ta raya mata wani abu. Amma sau da yawa bayanin bai wuce wanda muka yi yanzu ba. Saboda haka makon da maigida ya dawo, shi ne makon da za ki fi kula da abubuwan da za mu lissafa.

Na farko: ruwa

Ruwa shi ne uban rigakafin. Duk lokacin da kika yi fitsari mai yawa, kin wanke mafitsara ke nan, kin kora ƙwayoyin waje kafin su kafa sansani. A shekarar 2018 an wallafa wani bincike da aka yi a ƙasar Bulgeriya kan mata 140 da wannan ciwo ke yawan dawo musu, waɗanda dama ba su cika shan ruwa ba. Aka raba su biyu. Rabi aka ce su ƙara lita ɗaya da rabi kowace rana a kan abin da suka saba sha, rabi aka bar su yadda suke. Bayan shekara guda, masu ƙarin ruwan ciwon ya ragu musu da kusan rabi.

Lita ɗaya da rabi fa ba wani abu ba ne mai yawa: ledar fiya-wata uku ce, ko babbar gorar roba guda. Kuma can ƙasar sanyi ce. Mu nan da rana ke dukan mutum tun hantsi, gumi na kwashe ruwa mai yawa daga jiki, buƙatarmu ta fi tasu. Ke mai tallar nono da ke taka ƙasa daga ruga zuwa gari da ƙwarya a ka, ki riƙa tafiya da gorarki. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne launin fitsarinki. In ya fito fari-fari, ruwa ya ishe ki. In ya yi ja kamar shayi, jikinki na roƙon ruwa. Fura, kunu, zoɓo da nono duk suna taimakawa, amma ba su maye gurbin ruwa zalla ba. Lokacin azumi kuwa, ki rarraba shan tsakanin buɗa-baki da sahur, kada ki tara shi wuri guda.

Na biyu: fitsari bayan saduwa

In an gama, kada barci ya ɗauke ki kafin ki tashi ki yi fitsari. Ba sai kin yi gaggawa kamar ana korar ki ba, amma kada ki kai safe. Dabarar ita ce ki sha kofin ruwa kafin ki kwanta, don a sami abin da zai fito. Mun san a ruga fita da dare ba wasa ba ne, ga duhu, ga sanyin hunturu, ga tsoron maciji. To ki tanadi buta da fitila kusa, ko wani tsohon kwano da kika keɓe don haka, ki zubar da safe. Wannan ba ya cin ko sisi, ba ya cutarwa, kuma ma'aikatan lafiya na ba da shawararsa. Sai dai ba shi kaɗai zai tsare ki ba, sai an haɗa da sauran.

Na uku: yadda ake tsarki

Nan ne mata da yawa ke kuskurewa ba su sani ba. In kin yi bahaya, hannu ya tafi daga gaba zuwa baya, kada ya taso daga baya zuwa gaba. Ki fara wanke gaba, sannan ki wanke baya, ruwan ya gangara ta baya. Hannun da ya taɓa dubura kada ya komo gaba sai an wanke shi da sabulu ko toka. In a daji kike, ba ruwa, kika yi amfani da dutse ko kara, ƙa'idar dai ɗaya ce: daga gaba zuwa baya, kuma abin da ya goge baya an gama da shi. Ku koya wa ƴaƴanku mata wannan tun suna ƙanana, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanka da tsarki da ruwa mai tsabta a waje sun wadatar. Cikin gaba ba ya buƙatar sabulu, balle omo, balle ruwan maganin wanke rauni. Akwai ƙwayoyi masu amfani da ke zaune a ciki, su ne masu gadin wajen, suna hana miyagu zama. In kika wanke su, kin kori mai gadi kin bar ƙofa a buɗe.

Na huɗu: matsi da kayan mata

Wannan magana ba kowa ke son jin ta ba, amma za mu faɗa. Abubuwan da ake cusawa a gaba don matsi ko don a busar da wajen, irin su alif, da garin itatuwa, da ƙulle-ƙullen da ake sayarwa a kasuwa ba a san abin da ke ciki ba, suna busar da fata, su sa ta tsattsage lokacin saduwa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Danshin da jikin mace ke fitarwa shi ne kariyarta daga gugar da ke kawo zafi. Turare mai ƙarfi da ake shafawa a ciki, shi ma yana iya sa raɗaɗi ko da babu wata ƙwayar cuta.

In bushewa ce ke damun ki, kamar yadda takan faru ga mai shayarwa ko wadda al'ada ta ɗauke mata, akwai man saduwa da ake sayarwa a kantin magani, wanda aka yi da ruwa. Ku masu amfani da kwaroron roba ku kiyaye: man shanu, man kaɗanya da man gyaɗa suna cinye robar ta fashe. Haka kuma magungunan tazarar haihuwa irin na kumfa ko ƙwayar da ake sawa a gaba don kashe maniyyi, an tabbatar suna ƙara yawan wannan ciwo. In da su kike amfani kuma ciwon na dawowa, ki gaya wa ungozomar asibiti ta canza miki wata hanyar. Ke kuma uwa da al'ada ta ɗauke miki, akwai man shafawa na musamman da likita ke rubutawa, yana mayar wa fatar wajen ƙarfinta, ya rage dawowar ciwon.

Na biyar: kada ki riƙe fitsari

Mata ƴan kasuwa, wannan taku ce. Za ki shiga mota daga Magarya ko Dungas zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko daga Ɗan Isa zuwa Jibiya. Kin san za a daɗe a kan iyaka, ga maza cike da mota, ga ba wurin tsugunawa. Sai ki ƙi shan ruwa tun asuba, ki danne fitsari har la'asar. Kin haɗa abu biyun da ƙwayar cutar ta fi so: fitsari kaɗan, kuma kwance wuni guda. In daren jiya kin kwana da miji, to abin ya zama uku.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki yi fitsari kafin ki hau mota. Ki tafi da butarki da babban mayafi. Ku mata ku haɗa kai, in mota ta tsaya ku sauka tare, wata ta kare wata. A kasuwa ki nemi gidan da kika saba, ko ki biya kuɗin masai. Ya fi kuɗin magani sauƙi nesa ba kusa ba. Ku kuma direbobi, in mace ta ce a tsaya, a tsaya ba tare da tsokana ba. In kin tsuguna, ki ba shi lokaci ya fita duka. Kuma ki kula da taurin bahaya, domin hanji in ya cika yana danne mafitsara ya hana ta zubar da komai. Ganye, kuka, kuɓewa, zogale da ruwa su ne maganin wannan.

Naka rabon, maigida

Malam, ka wuni cikin garke, ka taɓa kashin shanu, ka ɗaure, ka kwance, ko ka wuni kana ƙirga kuɗi da dakon buhu. Kafin ka je wa iyalinka, wanke hannu da sabulu, yanke farce, ka yi tsarki. Kada ka zo da gaggawa. Wasa da lallashi kafin saduwa su ke sa jikin mace ya saki danshinsa, danshin nan kuwa shi ke hana ta ciwo. In ta ce za ta tashi ta yi fitsari, riƙe mata fitila. In ta ce tana jin zafi, ka ɗaga mata ƙafa har ta warke. Matsa mata a lokacin ƙara wa ciwon wuta ne. Kuma kuɗin mota da na awon fitsari suna wuyanka. Wanda bai yi jinkirin kiran malamin dabbobi ba in saniya ta ƙi kiwo, bai kamata ya yi jinkiri a kan uwar ƴaƴansa ba.

Ba kowane zafin fitsari ne wannan ba

A nan sai a natsu, domin akwai cututtukan da ke kama da shi, kuma maganinsu daban ne.

In tare da zafin akwai ruwa mai wari ko mai launin ɗorawa da ke fita ta gaba, ko ƙuraje, ko gyambo, ko kuma shi maigida yana jin zafin fitsari ko yana ganin mugunya, to wannan yana iya zama ciwon sanyi na ainihi, wanda ake ɗauka ta saduwa. Shi wannan dole a yi wa miji magani, a yi wa mata, in akwai kishiyoyi a yi musu duka a lokaci guda. In aka bar mutum ɗaya, ciwon zai yi ta zagaye gidan. In aka yi sakaci da shi yana iya toshe hanyar haihuwa.

In ƙaiƙayi ne ya fi yawa, da farin abu mai kauri kamar kindirmo, wannan wani ciwo ne daban, kuma shan kafso barkatai na ƙara shi.

In jini ne ke biyo ƙarshen fitsari, kuma kina shiga tabki ko fadama wajen wanki, ɗiban ruwa ko shayar da dabbobi, a tuna da tsargiya. Tsutsarta na fitowa daga katantanwar ruwa ta huda fata. A jikin mace tana iya taɓa gaba ma, ta kawo zafi da jini lokacin saduwa. Tana da maganinta na musamman, firazikwantel, kuma maganin ciwon mafitsara ba ya taɓa ta.

Abu guda muke roƙo da babbar murya: kada a kai mace wajen wanzami ko tsohuwa a yi mata yankan gishiri don tana jin zafin fitsari ko zafin saduwa. Askar na iya huda mafitsara, mace ta koma yoyon fitsari dare da rana. Cibiyoyin gyaran yoyon fitsari irin na Babbar Ruga a Katsina da na Danja kusa da Maraɗi suna nan suna aiki, amma gara a ce ba a kai ga zuwa can ba.

Alamun da ba a kwana da su

Daga mafitsara ƙwayar cutar na iya hawa sama ta kai ƙoda. In haka ta faru za ki ji zazzaɓi mai zafi, rawar ɗari, ciwo a kwiɓi ko a baya ƙasan haƙarƙari, tashin zuciya ko amai. Mutane da yawa sai su ce zazzaɓin cizon sauro ne, a yi ta shan maganinsa ana ɓata kwanaki. In zazzaɓi ya biyo bayan zafin fitsari, a faɗa wa ma'aikacin lafiya haka ƙarara, a auna jini, a auna fitsari. Ciwon ƙoda in ya shiga jini yana kisa. Ko da dare ne a nemi babur ko amalanke.

Mai juna biyu kuwa ba ta jiran zazzaɓi. Ranar da ta ji zafin fitsari, ranar za ta je. Ciwon ya fi saurin kaiwa ƙoda ga mai ciki, kuma yana iya jawo naƙuda kafin lokaci. Wani lokaci ƙwayar na nan ba tare da wata alama ba, shi ya sa ake auna fitsari a wajen awon ciki. Haka ma mai ciwon suga, kada ta yi wasa da shi.

Maganar magani

In zafin ɗan kaɗan ne, ba zazzaɓi, ba ciki, ki ƙara ruwa, ki rage shayi mai kauri, goro da yaji, domin suna ƙara tsokanar mafitsara. Farasitamol na rage raɗaɗi. Jiƙon kanwa ba ya kashe ƙwayar cutar. In kwana biyu suka wuce bai sauka ba, ko yana ƙaruwa, sai asibiti mafi kusa, ko ta wane gefen iyaka yake. In an ba ki kwalbar awo, ki bar farkon fitsarin ya zuba ƙasa, ki tari na tsakiya.

Kada ki sayi kafso biyu-uku wajen mai tallar magani a faranti, wanda rana ta gasa tun safe. Za ki ji sauƙi kwana biyu, ƙwayoyin da suka rage su yi taurin kai, gobe maganin ya daina ci. Ta haka ne magunguna da dama da a da suke aiki yanzu suka zama ba sa jin kira. Ku makiyaya, maganin shanu na shanu ne. Teramisin da ake yi wa dabba ba a auna shi don mutum ba, kuma irinsa haramun ne ga mai ciki a wajen likitoci, domin yana taɓa ƙashi da haƙoran jariri. Abin da ma'aikacin lafiya ya rubuta, a sha shi yadda ya ce, har ranar da ya ce, ko da zafin ya tafi tun rana ta biyu.

In ciwon ya zo miki sau 2 cikin wata 6, ko sau 3 cikin shekara, ki faɗa wa likita cewa bayan saduwa yake zuwa. Kada kunya ta sa ki ɓoye wannan, domin shi ne mabuɗin. Akwai awon da ake shuka fitsari a gano ainihin ƙwayar da maganin da ke kashe ta, yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3. Akwai kuma tsarin da likita kan ɗora mace a kai, ta sha ƙwaya guda bayan saduwa kawai. Shi ne zai yanke wannan, ba mai kanti ba. In bakinki ya yi nauyi gaban namiji, ki nemi ungozoma ko ma'aikaciya mace, ko ki tafi da yayarki ta faɗa a madadinki.

Jama'a, a nan za mu dasa aya. Wadda ta karanta ta gaya wa maƙwabciyarta a bakin rijiya, wanda ya karanta ya gaya wa abokin tafiyarsa a mashaya ko a tasha. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Masu tambaya su aiko ta hannun wakilanmu na kasuwanni, ba sai an sa suna ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kai matafiya gida lami lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.